Abin da Zan Faɗa wa Kaka a Rize

Erie, Amurka, 3 ga Maris

Zuwa ga Goggona Gulizar,

Gaisuwa mai yawa. Ina sumbatar hannunki kamar yadda Baba ya ce ana yi wa manya. Ni ce Selvi, 'yar ƙanenki Ertan. Ki yi haƙuri da Turkancina, da ƙamus nake rubutu. A waya bakina ɗaurewa yake yi, shi ya sa na zaɓi takarda.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara, kafin Baba ya rasu, ya zo ɗaukata daga makaranta a babbar motarsa ta kaya. Ya leƙo ta taga yana kirana da Turkanci a gaban yara. Na sunkuyar da kai na wuce kamar ban san shi ba. Bai taɓa yi min maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu lokacin cin abinci ɗakin karatu nake zuwa ni kaɗai. Akwai saƙon muryarsa guda ɗaya da ya rage a wayata, shi nake saurara. Cewa kawai yake in fitar da nama daga firji.

Tun watan Disamba da aka binne shi, nan babu mai kiran sunansa. Mama tana dawowa daga wurin wanki a gajiye, ta ci abinci a tsaye. Ina so in zo Rize a hutun Yuli. Mama ba za ta samu hutu ba, amma ta yarda in taho ni ɗaya. Shekarata goma sha huɗu, kuma jirgi yana ɗaukar irina idan akwai babba da zai sa hannu ya karɓe ni a Istanbul. Ina so in ga gonar shayin, in zauna da mutanen da suka san shi tun yana yaro.

Goggo, Kaka fushi take da ni? Ba ta aiko mana da ta'aziyya ba.

'Yarki,
Selvi

*

Rize, 24 ga Maris

Selvi, 'yar ɗan'uwana, hasken idona,

Na sumbaci idanunki biyu. Wa yake rubuta wasiƙa a wannan zamani? Mai kawo wasiƙu sai da ya haɗa gumi kafin ya hawo tudunmu, ya sha shayi kofi uku yana mita. Turkancinki kamar na ɗan yaye, amma na gane komai, na yi kuka.

Maganar makaranta ki bar ta. Ubanki ya taɓa ɓuya a bayan saniya don kada abokansa su gan shi da Kakarki tana ɗauke da kwandon ganye. Gado kika yi.

Ki taho! Yuli ne yankan shayi na biyu, zan ba ki almakashi mai jaka mu ga ƙarfin 'yan Amurka. Ki zo da takalmin ruwa, nan sama ba ta gajiya da zuba. Ni da kaina zan tarye ki a Istanbul.

To, yanzu ki nutsu. Kakarki ba fushi take ba. Ba ta san Ertan ya rasu ba. Wata guda kafin abin ya faru ta faɗi, likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki girgiza ba. Muka haɗu muka rufe bakinmu, duk ƙauyen. Haka muke yi wa tsofaffinmu. Duk Juma'a mijina, Kawunki Remzi, yakan zaga bayan rumbu ya kira wayata a matsayin Ertan, ni kuma in kara mata a kunne. Kunnenta ya yi nauyi. Makon jiya cewa ta yi, "Ertan, muryarka ta tsufa, ka rage taba, ɗan banza."

Da ta ga hatimin Amurka a kan wasiƙarki sai ta ce in karanta mata saƙon ɗanta. Na buɗe, na ƙirƙiro mata.

Saboda haka sharaɗi ɗaya ne. In ta tambaye ki, ki ce, "Baba yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi, yana sumbatar hannunki." Ki haddace.

Goggonki,
Gulizar

*

Erie, 19 ga Afrilu

Goggona,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu Remzi. Na daɗe ban amsa ba, ki yafe min.

Na kai wa Mama wasiƙarki tana ninke kaya, na fassara mata. Ashe ta sani. Na ce, "Don me ba ki faɗa min ba?" Ta ce, "'Yar nan, danginsa ne, ni wace ce da zan sa baki?" Na ce, "In ni ce na mutu a wata ƙasa, za ki so a ɓoye miki?" Ta ce, "Rufe min baki, kada in sake jin wannan." Ta ci gaba da ninke riga ɗaya har sau uku. Can ta ce, "Zan so a faɗa min."

An ba ni fasfo. Na je shagon Baba Bahri, mai sayar da cuku da zaitun, don in tambaye shi tsarabar da ta dace. Ya ce, "Ke ce 'yar Ertan da ba ta magana? Ashe kina da harshe!" Kafin kwana biyu duk Turkawan Erie sun ji. Mata huɗu suka zo gidanmu, waɗanda rabonmu da su tun ranar jana'iza. Na ji daɗi, na dafa shayi. Ashe saƙo suka kawo in kai wa 'yan'uwansu. Wannan maganin ciwon gwiwa, waccan takalmin jariri. Ɗaya ta ɗaga akwatina ta ce, "Yarinya ce, kayanta nawa ne? Akwai wuri." Suka sha shayi suka tafi. Ɗayarsu ta juyo daga ƙofa ta ce, "Kin dai san abin da za ki ce wa tsohuwa ko?" Har su sun sani.

Goggo, ina gwada maganar a gaban madubi. "Baba yana lafiya" tana fita. In na zo "yana sumbatar hannunki" sai in juya wa madubin baya.

Ni na ɗauka in na zo, ni da Kaka za mu zauna mu yi kukansa tare. Ita ta haife shi. In can ma ba a faɗar gaskiyar inda yake, to a ina zan faɗe ta?

'Yarki,
Selvi

*

Rize, 12 ga Mayu

Selvi,

Gaisuwa. Matan nan ki mayar musu da rabin kayansu, ke ba jakar kowa ba ce.

Kina tsammani ni daɗi nake ji? Ni na goya shi. Wata biyar ke nan ban yi kuka a cikin gida ba, sai na shiga tsakiyar gona inda ƙarar almakashi take rufe ni. Sadakar kwana arba'in ɗinsa a gidan maƙwabta muka yi, muka ce wa Kakarki ta wani ce. Ta ci halawar da aka raba ta ce Allah ya jiƙan mai ita.

Tun da ta ji za ki zo take saƙa safa, ƙafa biyu, taki da ta ubanki, wai Amurka sanyi. Jiya ta sa na wanke ɗakinsa. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallon gadon, ta ce, "Yarinyar dai za ta zo." Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Ke wata guda za ki yi ki koma. In ta faɗi, ni zan ɗauke ta. Ina son ganinki kamar raina, amma in ba za ki iya riƙe bakinki ba, ki faɗa min tun yanzu, mu bar tafiyar sai wata shekara. Ita kuwa wata shekarar, Allah kaɗai ya san wa za ki tarar.

Na sumbaci idanunki,
Gulizar

*

Erie, 8 ga Yuni

Goggona,

Ina sumbatar hannunki. Allah ya ba ki haƙurin rashin ƙanenki. Sai yanzu na tuna ban taɓa yi miki ta'aziyya ba.

Na yi tunani sosai. Ba zan fara maganar ba. Zan sumbaci hannun Kaka, in ci abin da ta ba ni, in karɓi safar duka biyu. Amma in ta riƙe fuskata ta tambaye ni ina ɗanta, ba zan ce yana lafiya ba. Na taɓa yin kamar ban san shi ba yana raye. Ba zan ƙara yi masa irin wannan ba. Zan yi shiru in riƙe hannunta, abin da ta gani a fuskata ta gani.

Mama za ta kai ni filin jirgin Detroit ranar huɗu ga Yuli, in sauka Istanbul washegari. Jiya aka ba mu takardar masu jirgi, akwai layin da ake rubuta sunan wanda zai karɓi yarinya. Mama ta ce in jira amsarki tukuna. Ban jira ba, sunanki na rubuta.

'Yarki,
Selvi