Ci Gaba da Magana, Baba

Asabar, 6 ga Satumba

Auta ta zo yau, abin da ta daɗe ba ta yi ba tun da ta kama ɗaki kusa da jami'a. Ashe aiki ne ya kawo ta. Binciken digirinta na biyu a kan yadda tsofaffi ke amfani da waya ne. Ta haɗa wata manhaja ta neman ganin likita, wai tana koyon halin mai ita: inda ka saba kuskure ta ƙara girman maɓallin, inda ka ƙware ta rage maka hanya. Dattawa kaɗan take gwadawa, ni ne na kusa. Ni da na ƙare aikina ina buga tafireta a ofis ba na ko kallon yatsuna, yau ni ake koya wa danna abu. Na yarda dai.

Ƙa'idar ce ta ba ni dariya. Duk abin da ya zo raina ina taɓa wayar sai in faɗe shi a fili, rikoda na ɗauka. Auta kuwa ba ta da ikon taimaka mini ko amsa mini. In na yi shiru, iyakarta ta ce, "Ci gaba da magana, Baba." Mamansu ta jiyo daga kicin, ta ce, "Wannan? Sai dai rikodar ta yi masa maganar."

Na gama da wuri. Auta ta sha shayi a tsaye, ta tafi.

Talata, 9 ga Satumba

Ta bar mini tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe mini shafukan da take karatu a intanet. Akwai rumbun takardun bincike da ake saukewa kyauta, akwai bidiyon tarurrukan masana, akwai dandalin da ɗalibai ke tambayar juna. Na zaci abin yara ne. Sai ga wani farfesa mai furfura ya ɓata rabin awa yana bayanin dalilin da ya sa mutane ke tura ƙofar da ya kamata su ja. Na ji daɗinsa. Ƙofar ofishinmu ta dā ke nan, kullum sai wani ya buga goshi.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau na ɗan yi nawa. Maɓallin "tabbatar" yana ƙasa ta dama, na gan shi sarai, amma yatsana ya bi wani wajen. Muka daɗe. Da muka gama rana ta yi, mamansu ta hana ta tafiya sai ta ci abinci. Ta zauna har la'asar, ta ba mu labarin maƙwabciyarta mai kyanwoyi. Rabon da in ji dariyarta a falon nan na manta.

Laraba, 17 ga Satumba

Na karanta takarda guda har ƙarshe, a kan manhajar da ke sauya kanta don mai ita. Turancinsu ya yi kauri, amma na fi su iya saka waƙafi.

Asabar, 20 ga Satumba

Manhajar ta yanke hukunci a kaina. Maɓallin ya kumbura, ya kusa cin rabin fuskar wayar, har da kibiya tana nuna shi. Makaho ma ya same shi. Duk da haka na kewaye shi, ina cewa a fili, "To, ina kuma zan danna?" Auta ta cije leɓe tana rubutu. A gida za ta kwana yau, har ta gyara mini ƙafar tabarau.

Mamansu ta dube ni da muka rage mu biyu. "Malam, idonka ne ko wayonka?" Na ce shayin ya huce.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ruwa tun safe. Ina zaune bakin taga da kwamfuta, raina fes. Na shiga dandalin ɗaliban nan ina karanta rigimarsu, sai na ci karo da tambayar da na san mai ita ko ba suna, don Auta ce kaɗai ke jera alamar tambaya uku. Ta ce tana da mutum guda da kullum ƙara lalacewa yake duk da manhajar na sauƙaƙa masa, mutanenta kuma ba su da yawa, shi kaɗai ya karkatar da sakamakon. Malaminta ya ce in haka ya ci gaba sai ta sāke ginin daga tushe, ba za ta kare aikinta a gaban malamai a bana ba. Ta rubuta, "Ko dai tunanin nawa ne ba daidai ba tun farko???"

Na sāke karanta tambayar. Wani ya amsa mata da takarda a kan mutanen gwaji da ke yi wa mai bincike kara, suna nuna sun gane alhali ba su gane ba. Na karanta ta duka. Babu irina a ciki.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ban buɗe kwamfutar ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ta zo idanunta sun faɗa. Ta kunna rikoda, ta miƙo wayar. Na kai wajen maɓallin, na tsaya. Shiru.

"Ci gaba da magana, Baba."

To, ƙa'ida ce, ita ta kafa. Na ce, "Ga shi nan ina gani. Kore ne, ƙato. Tun ranar farko nake ganinsa. In na danna mun gama, in mun gama za ta sha shayi a tsaye ta ɗauki jaka." Ban ɗago ba. Na ji biron ya daina motsi. Na ce, "Manhajar ba ta da laifi. Ta fi wasu ma'aikatan asibiti haƙuri." Sai na danna.

Ba ta ce uffan ba sai da ta kashe rikodar, yarinyar akwai bin doka. Sannan ta ce, "Baba! Ka san kwana nawa ban yi barci ba?" Faɗa sosai, irin na uwarta, tana yi tana share ido, can kuma dariya ta ƙwace mata. Ta ce dole ta cire ni daga binciken gaba ɗaya, ta kuma rubuta dalili. Na ce ta rubuta, amma ta kawo in duba mata waƙafi.

An kore ni ke nan. Na ji kunya, na kuma ji sakayau.

Laraba, 1 ga Oktoba

Saƙo daga Auta: da aka fitar da ni, sakamakon ya miƙe. Malaminta ya sa mata ranar kare aiki a watan gobe. Har ya ce abin da na yi ya isa a yi masa takarda ta kansa. Allah ya kiyaye, a sa ni a rumbun nan duniya ta sauke ni kyauta.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ba gwaji yau, ba ta kuma zo ba, tana ta rubutu. Daidai ne. Na share baranda, na kalli bidiyo guda a kan girman haruffa, ban fahimci rabinsa ba.

Da hantsi na kira ta. Ni ba mai kiran mutane ba ne, tambaya ce kawai a kan bidiyon. Daga nan muka shiga zancen ƙofar ofishinmu, da ranar da na fara aiki, da yadda aka yi na sayi tafiretar da ke saman kabad. Ban san ba ta taɓa jin labarin ba. Wayar ta yi zafi a kunnena, mamansu ta leƙo sau biyu ta koma.

Da za mu rabu ta ce, "Gobe ma ka kira, Baba." Na ce sai in wata tambayar ta taso.

Akwai wata takarda da na gani a kan launin maɓalli. Ban gane ta sosai ba.