Turken Alkalawa da Jarkokin Mata

Zuwa ga Yayana Ɗanmusa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal. Mu nan Isa muna lafiya, sai dai ruwan sama ya ƙi. Sau biyu Baba yana shuka, sau biyu geron yana ƙonewa tun yana tsiro. Inna ta warke daga ciwon ƙafa, har ta koma faɗan da ta saba.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kuma kai da ka koya mini aikin nan kai ne za ka gane. Ka san na'urorin da suka haɗa ƙananan asibitocinmu da Sakkwato su ke zaɓar wa saƙo hanya da kansu. Kowace tana gaida maƙwabciyarta, wadda ta yi shiru a kauce mata. Daga Sabon Birni hanya biyu ce, ko ta turken sadarwa na Alkalawa ko a zagayo ta Isa. Na'urorin hanya mai ƙaramar lamba suke bi. Da hannuna na ba hanyar Alkalawa ƙaramar lamba don a fifita ta, kuma ba za ni ɓoye maka ba, har da son garin kakanninmu a ciki.

Mako uku hanyar tana ɗaukewa tana dawowa, saƙonni suna kai-kawo kamar kazar da ta rasa wurin saka ƙwai. Sunayen yara masu tamowa, da ake jira a Sakkwato kafin a aiko abincinsu, suka maƙale kwana biyar. Na duba saiti har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba, sai na hau mashin na tafi Alkalawa. Ashe Kawu Gwadabe, mai gadin turken, ya ja waya daga sola zuwa famfon burtsatse. Rijiyoyin gari sun ƙafe. Da mata sun jera jarkoki sai ya zare na'urata ya jona famfo, in sun watse ya mayar. Na hau shi da faɗa, ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, saƙonki ya san wata hanya. Waɗanga mata ba su da wata."

Na dawo na ɗaga lambar Alkalawa, saƙonni suka zagayo ta Isa, abincin yara ya iso. Sai kuma ofis suka ga turken ba ya ɗaukar komai, suka ce in rubuto dalilin da zai hana a kwance shi a kwashe solar. In aka kwashe, garin ya rasa ruwa ke nan. Kwana uku ina rubutawa ina yagewa, na zauna na tashi. Jiya dai na miƙa takardar. Na ce hanyar ko-ta-kwana ce, in ta Isa ta yanke ita za a bi, kuma gaskiya ne. Na ƙara da cewa garin yana shan ruwa da wutar turken, da sanina. Sunana na sa, ban sa na Kawu ba. Ranar Litinin za su kira ni, kuma tsoro nake ji.

Ka gaida Safiyatu da yara, ka ce wa Fadima ina nan da alkawarin lallenta. Baba da Inna suna gaishe ku, ba su san komai ba, kada ka faɗa. Kawu ma bai sani ba. Yau ya aiko mini da jarka guda ta ruwan burtsatsen, wai in ɗanɗana abin da na yi wa faɗa.

Taka ƙanwa,
Zulaihatu