Madrid zuwa Milan, Jos zuwa Bauchi

Zuwa ga Yayata Rabi a Milan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Kin san ni, a waya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na rubuta a nan shafina. Masu karantawa ku yi haƙuri, da Yayata nake.

Ran suna da muka kira ki a bidiyo, na ga ke kaɗai ce a ɗakin. Ke kika dafa ruwan wankanki, ke kika ɗaura wa wuyanki gyale kina mana murmushi. Da Mama ta tambayi mijinki, sai kika ce ai Yaya Sadik yana Madrid wurin aiki, kuma ƙasa ce daban, akwai nisa. Mama har addu'a ta yi masa, wai bawan Allah yana can yana fama.

Yaya, na duba a waya. Daga Madrid zuwa Milan a jirgi awa biyu ne da 'yan mintuna. Sai da na sake dubawa, don na zaci idona ne.

Kin tuna lokacin da yake zuwa zance Tudun Wada? Ran da aka yi ruwan ƙanƙara ya zo a jiƙe sharkaf, Keke ya lalace masa a hanya, ya ƙarasa da ƙafa. Ina leƙe ta taga na ji yana cewa, “Ko bayan duniya kika koma, Rabi, zan biyo ki.” Duk littafin soyayyar da na karanta bayan nan, fuskarsa nake sa wa jarumin. Yanzu ko bangon littattafan ba na son gani. Na tattara su na tura ƙarƙashin gado. Ashe bayan duniyar tasa ba ta kai awa biyu ba. Tir!

Kada ki yi fushi, na gaya wa Mama. Tana ƙulla saƙon da za a kai muku, yaji da kuka naki, kilishin da ta sayo a kasuwar Taminus nasa. Ita Madrid da Milan a ihun 'yan gidan ƙwallo kawai ta san su, sai na ce mata kamar daga nan Jos zuwa Bauchi ne.

Sai ta ce, “Bauchin da nake zuwa biki in dawo a yini?”

Ta zare kilishin ta mayar cikin ƙullinki. Ta ce ki daina rufa masa asiri a wurinta, ita ta haife ki, kuma gobe da kanta za ta kira shi.

Allah Ya ba ki lafiyar shayarwa, Ya raya mana 'yarmu, Ya sa kada ki sake dafa ruwan wanka ke kaɗai. Ki cinye kilishin, ko yanki kada ki ajiye masa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Nana