Ɗinkin Hanjin Malam

Garwa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya jikinki, yaya yara da mutanen Meiganga?

An yi wa maigidana Malam aikin ciwon dajin dubura. Kafin aikin, likita ta duba ramarsa da sukarin jininsa, ta ce akwai haɗarin ɗinkin hanjin ya farke. Ta ba da shawarar bayan gida ya riƙa fita ta jaka a gefen ciki har wurin ya warke. Yayansa Alhaji Buba ya ce, "Yarinya, ke likita ce ko mai duba? Gaibu sai Allah. Limami ba ya jan salla da jakar najasa." Malam ya bi yayansa.

Ɗinkin ya farke, ciki ya yi mugunya. An sake buɗe shi, an sa jakar, ba a san ranar cire ta ba. Alhaji bai ƙara leƙo asibiti ba.

Nakan tambayi kaina ko ɗacin nan da ke raina fushi ne da ƙaddara, kuma ina tsoro. Ki roƙa wa Malam lafiya, ni kuma zuciyar da za ta iya gaishe da Alhaji. Ki gai da Inna.

Ƙanwarki,
Asma'u