Masu Niyyar Dawowa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara. Ya gwiwar? Nan wurin haƙar kayan tarihi babu sabis, direban da ke kawo mana ruwa nake ba wasiƙa.

Saƙonki ya iso, wai matata ta rufe gida ta koma wurin iyayenta. Na san dalili: wata uku na ce zan yi, ga shi shekara ta zagayo. Don Allah ki karɓi makulli wurin maƙwabciya ki duba mini ɗakin. Me ta ɗauka, me ta bari, kuma a yaya ta bar shi? Kada ki yi mini dariya, aikina ke nan. Littafin da nake rubutawa a kan tsofaffin biranen da aka watse aka bari ne, na Iraƙi da na kwarin Indus da na mutanen Maya. Harshe daban, abin bauta daban, amma ni dai wajen tafiya halinsu ɗaya na gani. Wanda ya tafi ke nan, har ƙyauren ƙofa yake ɓallewa. Mai niyyar dawowa kuwa sai ya kife dutsen niƙa, ya toshe bakin tulu.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Na yi dariyar, sannan na je.

Keken ɗinkinta na nan, ta zuba masa mai ta lulluɓe shi da zani. Tukwane a wanke, a kife. Katifa jingine da bango. Rigunanka ta goge su ta ninke. Ƙaramin akwati kawai ta ɗauka.

To amma Malam mai tonon ƙasa, matar nan ba kufai ba ce. Tana da rai, tana da baki. Na je na gan ta, ta rame, wallahi ta ba ni tausayi. Muna hira, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta kasa kunne. Ka baro matattun nan ka taho, ba inda za su.

Yayarka.

*

Yaya,

Allah ya saka da alheri, kin sanyaya mini rai. Wadda ta zuba wa keke mai ba ta tafi ba, fushi ne kawai. Za ta dawo.

Mun tarar da wani ɗaki da tuluna jere, bakinsu a toshe, irin waɗanda na gani a hotunan can Iraƙi sak. In ruwan sama ya riga mu, aikin ya lalace. Da mun gama zan taho. Ki gaya mata na gane saƙonta.

Auta.

*

Auta,

Na gaya mata. Ta yi wata dariya da ban so ba, ta ce, “Ashe ya gane.”

Ni ban yi karatunka ba, amma ka ba ni amsa. Mutanen nan da suka toshe tuluna don za su dawo, da sun dawo ɗin, kai za ka samu tulunan a toshe? Raina ya ɓaci da kai ƙwarai.

Yayarka.

*

Yaya,

Tambayarki ta hana ni sakat. Na zauna bakin ramin ina kallon tulunan, na kasa ɗaga ko ɗaya. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar wa suke jira ya kira su ba.

Na bar wa abokin aikina ramin. Direba na zuwa ranar Asabar, zan biyo shi. Ki roƙar mini ita ta saurare ni, ko daga bakin ƙofa ne.

Auta.

*

Auta,

Wasiƙarka ta same ni ina share ɗakin. Shekaranjiya matarka ta zo da yayanta da motar kaya, ta kwashe komai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta zage ka ba, ni ce ma na yi ta kuka tana ba ni haƙuri. Ta ce ka aiko mata da takardarta.

Ka taho duk da haka. Ka sauka gidana, can babu ko tabarma. Na gyara maka ɗakin yara.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka.