Kundin Baba a Kanta ta Tara

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Kina dai shan maganin ko? Ki gaishe mini da Yaya Babba da Auta.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki. Aikin laburaren jami'ar ba wuya, shirun wurin ne dai ban saba da shi ba. Shugabarmu ta tura ni ɗakin ƙasa da hatimi a hannu. Duk littafin da ya shekara ashirin ba a ara ba, in buga masa, a fitar da shi.

Inna, makon jiya a kanta ta tara na ci karo da kundin digirin Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi ta barinki a gida don ya rubuta. Katin aron da ke bayansa fari fat, ko mutum ɗaya bai taɓa ɗauka ba. A shafin farko ya rubuta, "Ga matata, da abin da ke cikinta." Tun ranar, in na shiga tsakanin kantoci sai in ji kamar gyaran muryarsa a bayana. In na waiwaya, ba kowa.

Na roƙi Shugaba kada a fitar da kundin, ta ce, "Aikin nan ba sani ba sabo, 'yata." Ban yi musu ba. Na ɗauki biro na sa sunana a katin, na are shi. Yanzu yana da wasu shekaru ashirin.

Ki aiko mini da hoton Baba, ki kuma sa mu a addu'a, ni da shi.

'Yarki,
wadda ke cikin naki a lokacin.