Ɗan Kunnen Inna

Gangara, 20 ga Nuwamba, 1966

Zuwa ga Yayana Zakari, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariyama da yara. Allah Ya tsare ku a birnin mutane, Ya sa albarka cikin sana'arka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An gama yankan gero, rumbun ƙaninka Idrisa ya cika har sai da ya ari wuri a namu. Jar akuyar Inna ta haifi biyu. Ƙafar Goggo Fatu ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama ba abin da ya taɓa samun sa. In ka ga rubutun ya karkace kada ka yi mini dariya, da hannuna na yi shi, da ɗan abin da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Maganar da ke ciki ba wadda zan zauna in faɗa wa mai rubuta takarda a kasuwa ba ce.

Takardarka ta iso ta hannun Audi direba, na karanta ta sau uku, kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka ce Audi ya gaya maka duk ranar Alhamis, in aka buɗe rediyon da ka aiko mana aka ambaci sunanka ka fara kaɗa molo, Inna sai ta tattara audugarta ta shige ɗaki. Ka ce ka gane ita ma ba ta yafe maka ba, kamar yadda marigayi Baba ya ƙi jinin molon nan har ya bar duniya, don haka bana ma ba za ka zo Sallah ba. Shekara ta shida ke nan, Yaya. Audi bai yi ƙarya ba, amma rabin abin ya gani. Ko zaman Yamai ya mantar da kai cewa kai ɗan fari ne? Tun da Inna ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai “wancan”, yanzu kuma “na Yamai”. Ta yaya za ta miƙe ƙafa a tsakar gida, cikin mutane, tana sauraron muryar ɗan farinta? Ni kaina ’yata ta fari, ko a takardar nan ba zan iya rubuta sunanta ba.

Ga abin da Audi bai gani ba. In Inna ta shiga ɗaki ba ƙurya take zuwa ba, bayan asabari take zama da mazarinta tana kaɗi. Da zarar ka fara sai mazarin ya tsaya, ba ya sake juyawa sai ka gama. Na daɗe da lura, na dai yi shiru. To bana kunnenta ya yi nauyi, na hagu ma ya kusa tafiya gaba ɗaya, daga ɗaki ba ta jin komai sai gunaguni. In muka ƙara murya don ta ji, sai ta ɗaga asabari ta ce a rage, ana cika mata kunne, alhali tsoronta kada maƙwabta su ce don ita aka ƙara. Wata rana na leƙa na gan ta ta manna kunnen dama a jikin asabarin, ta rufe ido. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Toma, abokin maigidana da ke aiki a gidan waya na Tanut, shi ya ba mu dabara. Ya ce akwai wani abu da suke kira ekuter, ana cusa wayarsa a ɗan ramin nan na gefen rediyo, sai rediyon ya yi gum, ba mai ji sai wanda ya sa abin a kunne. Sunan ya ƙi zama a bakina, ni dai na ce ɗan kunne na rediyo. Ran kasuwa na aiki Idrisa Tanut wurin Mato mai tireda. Ka san Idrisa da sauraron magana, farkonta kawai yake kamawa. Da yamma sai ga shi da murna ya kwance ƙullin tsumma, ya miƙo mini ’yan kunne na tagulla guda biyu, har yana cewa shi ya zaɓi masu ƙyalli. Inna ta ce a shekarunta wa za ta yi wa kwalliya. Goggo Fatu ta ce ita ba ta tsufa ba, ta karɓe, suna kunnenta har yau.

Kasuwa ta gaba na tafi da kaina, na naɗe rediyon a zane kamar jariri. Iri uku na gwada. Na farko na Toma ne da ya ba ni aro tun kafin ran kasuwar, babba mai kunne biyu da ƙarfe bisa kai. Sautinsa ba magana, kamar makaɗin yana zaune gabanka, amma nauyi gare shi, kuma daga bayan darni za a hango shi a kan mutum. Da na kawo shi gida Inna ta dube shi sau ɗaya ta ce ba za a sa mata linzami ba, na mayar wa mai shi. Na biyu yana wurin Mato cikin ɗan kwali mai hoto, mai tsada, yana ta yabonsa, amma kan wayarsa ya ƙi shiga ramin rediyonmu. Da ban je da rediyon ba da na yi asara. Na uku shi ne mai araha, fari, na kunne ɗaya, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Na ƙi yarda in gwada shi da masu karanta labarai, don magana kowane iri yana fitar da ita. Na tsaya a rumfar Mato har aka sa kiɗa, na ji kaurin tsirkiya ya fito bai shaƙe ba, sannan na saya.

Da zan ba Inna ban ambace ka ba ko kaɗan. Na ce na sauraron karatun malamai ne, don kada hayaniyar gida ta hana ta ji. Ta ƙi gaskata cewa na kusa da ita ba ya jin komai. Ta sa abin a kunne, ta zaunar da ni gefenta ta ce in faɗi abin da rediyon ke cewa, na kasa. Ta ce ni ’yarta ce zan iya rufa mata, a kira Goggo Fatu wadda ba ta iya riƙe magana. Goggo ta kai kunnenta har kafaɗar Inna, ta rantse ba ta ji ko tari ba. Daga nan hankalin Inna ya kwanta. Ita da kanta ta tsara yadda za a yi: rediyo cikin kwandon auduga, waya ta bi ƙarƙashin mayafi ta shiga kallabi. Tun daga lokacin duk Alhamis bayan la'asar a tsakar gida take zama tana kaɗi, fuskarta kamar ba abin da ke faruwa. Kowa a gidan ya sani, kuma ba wanda ya nuna ya sani. Idrisa kan tafi gidan Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya saurare ka a can, mu mata kuwa mun haƙura mun bar mata kai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abu ɗaya Toma bai gaya mana ba, wato wanda ya toshe kunnensa ba ya jin ƙarfin muryar kansa. Inna kuwa mai kyan ta toshe, ɗayan dama ba ya aiki. Alhamis ɗin da ta wuce ina gidan, ni da Goggo Fatu da matar Idrisa muna sheƙar gero, Inna na gindin bishiyar bedi da kwandonta. Na ga mazarin ya tsaya, na san ka fara. Can sai ta girgiza kai, ta yi magana da ƙarfi yadda har na ƙofar gida zai ji, ita a ganinta cikin zuciya take yi:

“Zakari, mura ce da kai. Wa ya ce ka yi waƙa da mura?”

Na ajiye faifan hannuna. Matar Idrisa ta sunkuyar da kai. Goggo Fatu, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta bar magana ta wuce ba, ta ci gaba da sheƙarta kamar iska ce ta kaɗa. Ni na kasa daurewa, na zaga bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Shekara talatin da huɗu sunan nan yana bakinta ba ta furta ba, kuma yadda ta faɗe shi, Yaya, ka ji ba ranar ta fara ba. Har yanzu ba ta san mun ji ba, mun kuma yi alkawari ba za ta sani ba. Kai ma in ka zo ka riƙe bakinka.

Na ce in ka zo, don na san za ka zo. Ɗan kunnen nan mai araha wayarsa ta fara tsagewa daga wuya, na ɗaure ta da zare, ban ga zai kai damina ba. Ka nemo mata wani a Yamai. Kada ka zuba kuɗi a kan mai kwali, ba shi muke so ba. Ka nemi ƙarami na kunne ɗaya, mai santsi wanda ba zai ci mata kunne ba, wayarsa doguwa mai laushi, baƙa in da hali don kada ta nuna cikin mayafi. Kan wayar ya zama siriri irin na rediyon da ka aiko, ka je da irinsa ka gwada, kuma da kiɗa za ka gwada ba da magana ba. Kada ka ba Audi saƙon. Ka kawo shi da hannunka ƙaramar Sallah. Ba zan yi maka alkawarin za ta dube ka ba. Na san kana sallama za ta shige ɗaki, ta aiko ni in tambaya ko wancan ya ci abinci. Ka karɓi wannan, haka nata yake. Kunnenta na dama yana nan da sauransa, ina so ya ji sallamarka ba ta waya ba, kuma ina sa rai ƙwarai Allah zai nuna mana.

Ka gaida Mariyama da kyau, ka shafa mini kan Yahuza da Salamatu, ka ce goggonsu ta ajiye musu magarya. Idrisa da matarsa suna gaishe ka. Goggo Fatu ta ce ka riƙa sa waƙar da ake rawa. Maigidana da Toma sun ce a miƙa gaisuwarsu.

Tare da takardar nan Audi zai ba ka ɗan ƙulli na citta da kanumfari. Washegarin Alhamis ɗin nan Inna ta miƙo mini shi tana kallon wani wuri, ta ce in mota za ta Yamai a tafi da shi, ko akwai mai bukata.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Raliya